Ruwan Tsamiyar Baffa Haladu

A bazarar nan aka cika shekara bakwai da kashe Baffa Haladu, ƙanin mahaifina, a ƙauyenmu da ke tsakanin Roni da Kazaure. Ina jami'a a lokacin, don haka ban ga abin da idona ba. Abin da zan rubuta na ji shi ne daga matarsa, Inna Rabi, da wani maƙwabci da ya tsaya a wurin. Inda bakinsu ya saɓa, zan faɗa.

Baffa mai rainon furanni ne, yana kai dashe bakin titin Kazaure. Ruwan rijiyar burtsatsenmu zartsi ne: sabulu ba ya kumfa a cikinsa, kuma yana barin farin ɓawo a saman ƙasa. Da shi ganyen fure kan koma rawaya, jijiyoyinsa kaɗai su rage kore. Baffa ya gano cewa idan ya jiƙa tsamiya, ya tace, ya zuba kaɗan a duro kafin ban ruwa, sabon toho yakan fito lafiya. Ya taɓa ce mini yana dariya, "Ɗan boko, fure ma da kunun tsamiya yake buɗa baki."

Yanzu na san dalili. Ruwan ya karkata wajen kanwa, a ma'aunin da ake kira pH, kuma a irin wannan ƙasa saiwa ba ta iya jan sinadarin ƙarfe. Tsami yana sassauta hakan. Ba ya cire gishirin da ke cikin ruwan, kuma ba na so a ɗauka na ce yana cirewa.

Kamar yawancin masu sana'a, Baffa yana ɓoye dabararsa don kada abokan kasuwa su ɗauka. Duronsa yana rufe, daf da kwamin shayar da dabbobi, kuma duk wanda ya tambayi abin da yake zubawa, murmushi kawai yake samu. Da tumaki suka fara mutuwa a unguwar, aka tuna da murmushin.

Wata rana bayan azahar mutanen unguwar suka same shi yana tace tsamiya. Wani ya yi ihu, "Ga gubar nan a hannunsa!" Baffa ya ce, "Haba jama'a, tsamiya ce! Ku tsaya in sha a gabanku." Ya ɗebo da moɗa. Kafin ta kai bakinsa, gora ta karya masa hannu. Inna Rabi ta ce da bulo aka fasa masa kai. Maƙwabcin ya ce ƙotar fartanya ce. Sun haɗu a kan cewa ya faɗi rub da ciki a cikin dashensa, aka ci gaba da dukansa har bayan ya daina motsi, sannan aka kifar da duron a kansa, ruwan ya gangara ja zuwa kwata. Ya cika a hanyar asibiti.

Ban san abin da ya kashe tumakin ba. Likitan dabbobi bai duba su ba, kuma ba zan ƙirƙiro dalili don in wanke baffana ba. Abin da ke cikin duron kaɗai na sani.

Yau ana sayar da 'yar takardar gwajin ruwa, a tsoma ta, launinta ya sauya. Da Baffa ya ganta, ina zaton zai yi murna, ko da yake mai yiwuwa ita ma ya ɓoye ta a aljihu. Masu furen Kazaure biyu da na sani suna jiƙa tsamiya yanzu a fili, kowa na kallo.

Dabarar ta rayu, amma sunan da aka laƙa masa ya fi ta tsawon rai. Har yanzu idan jikokinsa suka je ɗiban ruwa, akan ce a sa ido a kan 'yan gidan mai guba. Wasu cikin waɗanda suka ɗaga hannu a kansa suna nan, muna haɗa sahu da su ranar Juma'a. Ba ramuwa nake nema ba. Inna Rabi ta tsufa, idonta ya fara rauni. Ku da kuka ɗaga hannu a kansa, roƙona shi ne mutum ɗaya daga cikinku ya yi sallama a ƙofarta, ya ce mata ya ji warin tsamiya a ranar. Allah ya jiƙan Baffa, ya ba ku ƙarfin zuciyar zuwa tun tana da rai.