Motar Yaya da Tudun Ƙofar Baba

Da ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Asabar Yaya ya sauke kirik, wato jak ɗin ɗaga mota, ya zare shi daga ƙarƙashin motar, ta zauna a kan sababbin resor ɗinta, wato sifirin ɗin ƙafafunta. Ta yi ƙasa, ta lafe, tayoyin suka shige cikin kogonsu daram. Muka ja da baya muna kallo. Yaya ya ɗora hannuwa a ka yana ta ce mini, "Malama, dubi! Don Allah dubi!" Ni ma bakina ya ƙi rufuwa. Sai ga Iya ta fito daga madafa da tiren kuɓewa za ta shanya. Ta dubi motar, ta dubi ƙofar gida, ta ce, "To, ta ina za ta fita?"

Dukanmu muka juya muka kalli ƙofar.

Gidanmu a unguwar Milezi yake, a N'Djamena, ba nisa da kogin Shari. A bakin babbar ƙofarmu akwai tudun siminti daga bango zuwa bango, tsayinsa taƙi ɗaya da ɗoriya. Baba ya gina shi da hannunsa bayan shekarar da ruwa ya shigo mana har ɗaka. Katifu da buhunan hatsi ba su dame shi ba kamar littattafan kakansa, wanda ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, ya yada zango a nan, zangon ya zama gida. Ina ƙarama lokacin, amma na tuna ni da Baba muna shimfiɗa takardun a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya, tawada ta narke ta bi gefe. Tun daga nan ruwa bai sake tsallako tudun ba, kuma babu mai taɓa shi.

Yaya yana sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Dembé. Shekara da shekaru yana maganar wata irin mota mai ƙofa biyu da kujera biyu, har muka daina sauraronsa. Ran nan sai ga ta a bayan tirela daga Duwala, ja, ta hannu, da ƙura har gilashi. Da katako biyu aka haurar da ita tudun, kuma duk da haka sai da wani ɗan gefen siminti ya ɓalle. Baba ya tsuguna ya ɗauki ɓallin, ya juya shi a tafin hannu, ya ce daga yau ko cokali kada wanda ya sake jinginawa a wurin ba da saninsa ba.

Motar tana da komfaresa, wato wata na'ura a saman inji wadda bel ke juyawa tana ɗura wa injin iska. Ga kowa ƙarfinta ya isa, ban da Yaya. Ya yi odar kaya, kwalaye suka iso, kowanne da takardar bayani cikin Turanci. Yaya da kunne yake sanin inji, ba ya haƙurin dogon karatu. Ni kuwa ina shekarar ƙarshe a lise, wato sakandare, ina shirin bak, jarrabawar fita, kuma ko a aji sai malami ya kira ni kafin a ji muryata. Ya leƙo ɗakinmu ya ce, "Malama, zo ki yi mana tafinta. In mun gama, ke ce ta farko da zan ɗauka. Har ƙauyen Gaoui, can bayan gari."

Da farko a kan kujerar tsakar gida nake zama, ina karantawa ina fassarawa. Ban san lokacin da na sauko ba.

Da puli muka fara, ƙarfen nan mai zagaye da bel ke hawa a hancin komfaresa. Sabon ya fi tsohon ƙanƙanta, bai wuce bakin kofin shayi ba, kuma nan dabarar take: ƙaramin puli ya fi saurin juyawa, iska ta ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. Tsohon ya ƙi fita. Yaya ya miƙa hannu ya ɗauko guduma.

Na ce, "Yaya, ba a duka."

Bai ji ba, don ni kaina da ƙyar na ji. Ya ɗaga. Sai na ga hannuna ya kama ƙotar gudumar.

"Ikon Allah! Yau Malama da kokawa?"

"An ce in an doka, ƙarfen ciki zai lanƙwashe. Ga abin jansa can a kwali, mai ƙafa uku."

Muka kafa masa ƙafafun, Yaya yana murɗawa, ni ina riƙe. Da farko shiru, sai wani ɗan nishi na ƙarfe, sai ga puli yana zamowa a hankali kamar zobe daga yatsa. Na yi tsalle ban sani ba. Yaya ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

Daga nan aikin ya shiga jinina. Da na dawo daga makaranta sai in cire farar riga in zura wata tsohuwar taguwar Yaya a kan zanena, in ɗaure kallabi tam. Muka sa gajeren bel da ya dace da sabon puli. Muka canza buji, wato fulogi, ni na daidaita bakin kowanne da siririn ƙarfen awo, don hannun Yaya yana da gaggawa. Muka cire ƙaramin lagireton da ke sanyaya iskar komfaresa muka sa babba, saboda waɗanda suka ƙera motar ba su san zafin N'Djamena na watan Afrilu ba. Akwai wata sifana da ke cewa ƙas idan noti ya ɗauru daidai. Ita na fi so a duk kayan. Yaya yakan so ya ƙara ɗan murɗi bayan ta yi ƙarar, wai don albarka, ni kuwa in ƙwace. Farcena ya yi baƙi, Iya ta yi ta mita cewa babu lallen da zai kama wannan hannu. A aji ina warware lissafi ina jin warin man inji a yatsuna, ina murmushi ni kaɗai.

Ranar da muka jona na'urar da ke gaya wa kwamfutar motar cewa iska ta ƙaru, Yaya ya ce in murɗa makulli da kaina. Injin ya kama da wani gurnani mai kauri. Ya taɓa totur, sai wata siririyar ƙara ta taso daga komfaresa, tana hawa, tana hawa, kamar guɗar biki daga wata unguwa. Kajin Iya suka watse, maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya da Larabci, "Da shunu?" wato mene ne wannan. Baba bai fito ba, amma na ga labulen ɗakinsa ya motsa.

Resor ne aikin ƙarshe, gajeru masu tauri, don motar ta kama ƙasa a kwana. Na karanta takardarsu har na haddace. Na auna komai da ke jikin motar, ban taɓa juyawa na dubi ƙofar da za ta bi ba.

Bayan tambayar Iya, Yaya ya ce, "Da katako mana, yadda ta shigo."

Na ɗauko rula na durƙusa. Tsakanin leɓen gaban motar da ƙasa yatsu huɗu ne. Na ce ko an yarda a sa katako, hancin zai daki katakon kafin taya ta taɓa shi, in ma ta hau, cikinta zai zauna a kan tudun.

"Sai mu mayar da tsofaffin resor," in ji ni.

Yaya ya fara sosa ƙeya.

"Yaya, ina tsofaffin?"

A wurin mutanen Dembé duk abin da aka kwance daga jikin mota ba ya kwana a gida, haja ne. Ranar da muka cire su ya ɗaure su a bayan babur ya kai shago, wani mutumin Kusseri ya ɗauka ya haye gada da su. Irin motar kuwa babu ta biyu a garin balle a ara.

Iya ta ce, "Kalas, shi ke nan," ta ci gaba da shanya kuɓewarta.

Washegari Yaya ya yi ƙarfin hali ya sami Baba a gindin darbejiyar tsakar gida, inda yake shimfiɗa buzunsa. Ya ce ɗan tsakiyar tudun kawai za a sassaƙe, kaɗan, ba wanda zai ma lura.

Baba ya ce, "Ruwa zai lura."

"To Baba motar fa?"

"Ka nemo mata tabarma, tunda ta zama 'yar gida."

Haka motar ta zauna. Kowace safiya Yaya ya tashe ta, ya gangara har gaban tudun, ya dawo da baya. Abokansa na kasuwa suka dinga zuwa kallo suna tsokanarsa, wai ya ajiye amarya a kulle, yaushe za a fito da ita gaisuwa. Yana dariya, amma na ga ya daina cin abinci sosai. Gabas kuma ta fara haɗa gajimare. Da damina ta sauka layinmu zai zama taɓo, siminti ba zai bushe ba, motar kuwa sai bayan kaka. Ni abin da ke cina shi ne wannan ƙarar ta komfaresa. Na ji ta a tsaye tsakanin katanga huɗu, ina so in ji ta a buɗaɗɗiyar hanya.

Da zaren ɗinkin Iya na samo mafita. Na danne bakinsa a ƙarƙashin tayar gaba, na ja shi ya miƙe har ya shafi leɓen motar, na ci gaba da ja. Wannan hawan da zaren ya nuna shi ne iyakar abin da motar za ta iya hawa. Na kai shi wajen tudun na gwada. Ashe ba rage tudun ake bukata ba, ƙara masa za a yi: doguwar gangara ta jan bulo da siminti ta ciki, wata ta waje, a faɗaɗa samansa yadda cikin motar ba zai zauna ba. Tsayinsa yana nan yadda yake. Matsalar ɗaya ce, gangarar ciki za ta kai har gindin darbejiya, ta cinye rabin wurin buzun Baba.

Yaya ya kalli zaren, ya kalle ni, ya ce, "Wallahi zai yi! Sai dai ke za ki faɗa masa."

"Ni?"

"Ke ce uwarsa. Ni in na sake buɗe baki, da ni da motar zai haɗa ya kulle."

Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa ba ya kirana sai Uwata. Duk da haka ban taɓa roƙonsa komai baki da baki ba. Ko littafi nake so, ta wajen Iya nake bi.

Bayan la'asar na kai masa shayi. Na ajiye, na ƙi tashi. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Uwata, lafiya?"

Maganar da na shirya ta gudu. Sai na ce, "Baba, ku zo ku ga wani abu." Ya taso. Na durƙusa na ja zaren daga taya zuwa leɓe, na kai shi kan tudun, na nuna inda gangarar za ta fara da inda za ta ƙare. Na ce ba za a rage ko farce ba, kuma bulon da za a jingina ta waje zai ƙara tare masa ruwa. Na faɗi maganar buzun ma, ban ɓoye ba.

Ya karɓi zaren, ya naɗe shi a yatsa, ya sa a aljihu. Ya ce, "Na ji." Ya koma ya sha shayinsa.

Kwanaki suka wuce bai ce komai ba. Yaya yana bina da ido, ni ina bin sama da ido. Wata safiya zan fita makaranta na hango Baba tsugune a gaban motar da zarena a hannu, yana ja yana kanne ido ɗaya. Na koma da baya a hankali na bi ta ƙaramar ƙofa na wuce lise.

Ranar Juma'a ya dawo daga masallaci, iska mai ƙamshin ruwa tana kaɗa ganyen darbejiya. Na karɓi dardumarsa. Wannan karon ban jira ya tambaye ni ba.

"Baba, maganar gangarar nan. Hadari yana matsowa."

Ya tsaya a kan tudun, ya buga shi da dunduniya kamar mai gwada ƙarfinsa. Ya zaro zaren daga aljihu ya miƙo mini.

"Ku gina, Uwata. Ke za ki tsaya a kan magini da wannan zaren, kada yayanki ya yi mini gaggawa. Buzu zan matsa da shi. Amma ranar da za ta fita, kujerar gefen direba ni zan zauna, in ji da kunnena ko ta taɓa tudun. In mun kai bakin titi sai in sauka. Daga nan zuwa Gaoui taki ce."