Idan Ganyen Albasa Ya Kwanta

A gidanmu na Dandin Mahe makaranta biyu muka yi: ta allo da safe, ta Inna Tumba bayan sallar isha'i. Ta biyun ba ta da bulala, amma wanda ya yi surutu ana tsaka da tatsuniya shi zai tashi ya ƙaro kara a wuta. Kakata ce ta wajen uba, 'yar ƙaramar tsohuwa da goro ba ya barin kumatunta, ni kuwa mijinta ne na wasa. In na makara sai ta ce, "Ga angon nan, ba cehwane, sai kunnuwa."

Lokacin sanyi, sa'ad da kowa a garin yake warin albasa, har liman bai tsira ba, ta fi son ba mu labarin wani mai lambu. Takan gyara wutar ta ce, "Ga ta nan tahe gare ku." Mu ce, "Ta iso mu ji ta."

Wai an yi wani mutum, Ɗan-Jigo, wanda ba a taɓa ganin ya zauna ba. Tun asuba yana bakin rijiya yana jan jigo, yana kora wa albasarsa ruwa. A rijiyar akwai tsohon kwaɗo da ya ga manoma iri-iri. Albasa ta yi kyau har matafiya suna tsayawa kallo. Da ta ƙosa sai ganyenta ya fara kwantawa, kamar yadda albasa take yi. Maƙwabta suka janye ruwa, suka koma inuwa suna hira. Shi kuwa hankalinsa ya tashi.

A nan Inna takan kumbura kumatu ta yi muryar kwaɗo. "Yac ce, 'Malam, mi kaka yi haka? Albasa in ta kwanta ba ciwo na ba, ta sha ya ishe ta. Bar ta ta sha iska.' Ɗan-Jigo yac ce, 'Lalaci na! Ni ba a kwanta min cikin lambu. Kai ko fangali guda ka taɓa nomawa?'"

Sai ya ninka ruwan. Albasar ta kumbura, ta fi ta kowa girma, ya cire ya jera a rudu, rumbun karan nan da ake ajiye ta. Ba a yi nisa ba ta fara ruɓewa daga wuya, wari ya kori har awaki. Ta maƙwabta, ƙanana busassu, ta kai damina lafiya lau.

"Inna, to shi mutumin fa?"

"Shina can shina jan ruwa, angona. Irinsu ba su ƙarewa. Ƙurunƙus, kwaɗo ya koma rijiya, ku kuma ku koma tabarma."

Mu dai dariya muke yi. Ɗan Dandin Mahe da bai san ana yanke wa albasa ruwa ba ai abin dariya ne.

Na girma, na yi karatu, na zama mataimakin shugaban wata sakandare a Bodinga. Na koyar da adabi shekara da shekaru, ina sa yara su fitar da jigon labari, ban taɓa zaton akwai wanda aka ba ni tun ina yaro ban fitar ba. Aiki ya yi yawa: jarrabawa, taro, iyayen yara, ga waya da ba ta san magariba ba. Barci ya fara guduna, kai yana sara, in na dawo gida yarana suna lallaɓawa su bar mini tsakar gida. Duk lokacin da jiki ya nemi kwanciya sai in kira shi malalaci, in ba shi shayi mai ƙarfi da maganin ciwon kai, in ƙara masa aiki.

Wata safiya ina jawabi gaban ɗalibai sai na ga layukansu suna juyawa. A asibiti aka ce jinina ya hau, in ban sassauta ba abin da zai biyo baya ba magana ce mai daɗi ba. Matata Hadiza tana zaune gefen gado, ta ga ina laluben waya.

"Malam, mi kaka nema?"

"Makaranta. Ba su iyawa in ba ni."

"To bari in kira su su zo su ɗauke ka da gadon."

A kan gadon nan na gane Inna ba noma take koya mana ba. Wannan mun iya tun kafin mu yi wayo. Ta ga mazajen da suka ja ruwa har suka faɗi a bakin rijiya, ta san kuma ba a yi wa namiji wa'azin hutu kai tsaye, sai a sa a bakin kwaɗo.

Na karɓi hutu, na raba ayyukan ga malamai, na koyi kashe waya in an kira magariba. Da na koma na tarar an yi jarrabawa, an gama, ba abin da ya rushe. Na ɗan ji haushin haka, amma haushin bai hana ni barci ba.