Kawu da Gashin Bakin Kyanwa

Shekara talatin da ɗaya Kawu ya yi a ɗakin gwaje-gwajen nan, aikinsa ɗiga ruwa. Yakan haɗa ɗigon furotin da ɗigon ruwan gishiri a kan ɗan gilashi, ya kife a bakin ramin tire, ya kai ɗakin sanyi, ya jira. In an yi sa'a furotin ya daskare ya zama kiristal, 'yar ƙwayar da sai da madubin ƙara girma ake gani. Ita ake haskawa da eksre a gano siffar furotin. Yawanci ba a yin sa'a.

Matarsa takan ce wa baƙi, "Malam ruwa yake gadi."

Dakta, shugabar ɗakin, shekara uku tana neman siffar wasu furotin biyu da ke manne da juna. An ba ta zuwa ƙarshen wata, in babu kiristal a rufe aikin.

Wata ranar Talata aka samu ɗaya, babba, mai kusurwa, yana ƙyalli. Dakta har ta kira mijinta a waya.

Kawu ya daɗe a kan madubin. "Ya cika kyau, ranki ya daɗe."

"Kawu, don Allah kar ka fara."

"Bari dai in gaishe shi."

Ya taɓa shi da bakin allura. Furotin laushi gare shi, marmashewa yake yi. Wannan kuwa sai ya ce ƙas.

"Gishiri," in ji Dakta, ta nemi kujera.

"Mai kyau kuwa. A miya ba shi da laifi."

Akwai wani tsohon tire da aka ce a zubar tun bara, Kawu bai samu sukuni ba. A cikinsa wasu kiristal ne sirara, a cukurkuɗe, ba su haskuwa. Washegari ya zo da gashin bakin kyanwar matarsa guda ɗaya a ambulan. Ya ce wai gashin da kansa ya faɗo. Akwai filasta a bayan hannunsa.

Ya ja gashin cikin tsohon ɗigon ya kwaso irin kiristal ɗin, sannan ya ja shi cikin sabon ɗigo. Bayan kwana tara kiristal suka fito a jere bisa layin da gashin ya bi, ƙanana, munana. Da aka haska, ɗige-ɗige suka cika fuskar kwamfuta, dab da juna, yadda furotin ke yi, gishiri kuwa ba ya yi.

Dakta ta rufe fuska da mayafi tana kukan murna. Kawu ya jira har ta gama, sannan ya shaida mata cewa tire sun kusa ƙarewa.