Awatif Mai Ƙosai da Littafi na Bakwai

A Damanhur kowa ya san Awatif, mai suyar ƙosai a ƙofar makarantar unguwarmu. Ba ta da fara'a, ba ta kuma yin gyara. Mun daɗe muna maƙwabtaka, ban taɓa ganin ta yafe wa kowa komai ba, ko da kyanwa ce.

Mijinta Hilmi Badran tela ne, amma zuciyarsa na wajen ƙaga labari. Shi ya ƙirƙiro Sundus, yarinyar da ta nutse a kogin Nilu ta tarar da birnin aljanu masu satar inuwar mutane. Duk babin da ya gama sai ya karanta wa Awatif tana jiƙa wake. Littafi shida ya rubuta. Na bakwai da baki ya ba ta, yana kwance ciwon ajali.

Ba a daɗe da yin arba'in ba sai ga littafi na farko a kasuwa, ɗauke da sunan Shukri mai maɗaba'a, abokin da Hilmi ya ba wa amanar rubuce-rubucensa. Ko a bangon baya babu sunan Hilmi. Ni kaina abin ya ƙona mini rai. Awatif ba ta yi kuka ba, ba ta kai ƙara ba. Ta zuba ido yara suka haukace a kan Sundus, Shukri ya ajiye tumbi, yana yawon makarantu yana bayanin yadda basira ke sauko masa.

Na shida ya ƙare Sundus na rataye a bakin rijiyar inuwoyi. Shiru-shiru babu na bakwai. Yara suka addabi Shukri, har da jifan tagarsa.

Ran nan sai ga shi gaban kaskonta.

"Matar ɗan'uwana, ya ƙarin haƙuri? Na san marigayi ba ya ɓoye miki komai."

"Ashe ka tuna yana da mata. Ƙosai nawa za a sa maka?"

"Haba Hajiya. Ki ba ni ƙarshen labarin, zan sa sunansa a shafin godiya."

"Shafin godiya," in ji ta, tana juya ƙosai. "Dawo ran Alhamis in an tashi makaranta, za ka ji."

Ya zo da alƙalaminsa, ya tarar da yara maƙil da titi har kan katanga. Awatif ta sauke kasko, ta ce ba mai jin yadda Sundus ta kuɓuta sai an faɗi sunan mai labarin. Ta koya musu. Shukri na tsaye, sai titin nan gaba ɗaya ya ɗauka, "Hilmi Badran." Sannan ta ba su labarin tas, kyauta. Kafin magariba ya zaga rabin gari.

Shukri ya buga littafin duk da haka, amma littafin ya yi ta shan ƙura a kantuna. Yara suka shiga kankare sunansa daga na baya.

Na ce mata ai ya isa haka, mutumin ya daina fita ko masallaci.

"Saura makarantar 'yan mata," ta ce. "Can zan kai kasko gobe."