Dawar da Mai Gidana Ya Mayar

Ko da tsufa zai kai ni ga manta sunayen jikokina, ba zan manta da ranar da mai gidana ya mayar da dawar yayana ba.

Cikin shekarun farin nan ne da suka ƙarar da shanun Fulani, muna zaune a wani ƙauye kusa da Gatawa. Mai gidana, Allah ya jiƙansa, tsohon soja ne, an taɓa tura su wata ƙasa rabon faɗa. Tun da ya dawo ba shi da hira sai ta Najeriya. Wai duk inda suka sauka, da an ga tutar da ke kafaɗarsu sai a ba su hanya. Wai in shugabanmu ya yi tari, Afirka duka sai ta waiwayo. Nakan ce masa to Allah ya sa tarin ya kawo ruwa, ya yi dariya ya ce ban san duniya ba.

Damina ta sake ƙi, rumbu ya koma fayau. Abin da ya rage sai dammunan iri, wani gero gajere mai saurin nuna da ya gada wurin kakansa, ba kowa ke da shi ba. A gidan manomi ba a taɓa iri, ko yara na kukan yunwa.

Ana haka sai ga yayana da ke zaune tsallaken iyaka cikin Nijar, ya biyo ta Burkusuma da jakinsa. Ya sauke mana buhun jar dawa, irin ta agaji da Turawa ke raba musu. Na yi murna ƙwarai. Mai gidana ya fito suka gaisa lafiya lau, sai idonsa ya faɗa kan tutar wata ƙasa da aka buga a jikin buhun.

Ya ce, "Yaya, mun gode, amma ɗauki abinka. Mu ka ba duniya, ba a ba mu. Ɗan Najeriya ba shi cin sadakar Nasara."

Yayana ya ce, "Ni ban kawo ma Najeriya ba. Ƙanwata da ɗiyanta nik kawo ma."

Mai gidana ya ɗaga buhun da kansa ya aza wa jakin. Mayar wa ɗan'uwa kyauta a gaban mutane ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Yayana ya juya, ko ruwa bai sha ba.

Muka koma cin tafasa da rama, har autarmu ta daina tashi wasa. Wata safiya mai gidana ya sauko da dammunan irin nan da hannunsa, ya ajiye kusa da turmi, bai dube ni ba. Na daka ina kuka.

Yaran sun rayu, alhamdu lillahi. Da ruwa ya dawo muka shuka irin kasuwa, wanda in damina ta ɗauke da wuri sai a tashi da kara kawai. Har ya tsufa yana bin kasuwannin Isa da Tozai da Sabon Birni, yana tsoma hannu cikin ƙwaryar masu awo, yana neman geron kakansa. Bai same shi ba har ya rasu.

Ina son ƙasata, ban kuma ga laifinsa da ya so ta ba. Amma na koyi cewa girman ƙasa ba ya raguwa don ɗanta ya karɓi abinci daga hannun ɗan'uwa. Ranar da muka ƙi, Najeriya ba ta ma sani ba. Mu ne muka rasa irinmu.