Mushe Iliyasu, wanda ya koya mini getopts a Keita

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan jikar Mushe Iliyasu, wato Malam Iliyasu, ta kira ni daga Deule, ta ce Allah ya yi masa rasuwa.

Tun lokacin na kasa zama. Na ɗora shayi na manta da shi a wuta. Na shiga ɗaki, na fito, na sake shiga. Bari dai in rubuta ko zuciyata ta lafa.

Yawancinku kun san ni a matsayin mai koyar da kwamfuta a Yamai. Ba ku san wanda ya fara ɗora hannuna a kanta ba.

A ƙarshen shekarun 1980, bayan farin nan, na baro Madawa na samu aikin buga takardu a buro, wato ofishin wani proje na haƙar rijiyoyi a Keita. Kwamfuta ɗaya ce a duk buron, baƙin allo da koren rubutu, kuma Mushe Iliyasu ke kula da ita. Ni aikina tafireta. Ba a ma so in kusanci teburinsa.

Shi ya jawo mini kujera da kansa. Ya ce yatsun da suka iya tafireta ba abin da zai gagare su a nan.

Akwai wani ɗan script, wato jerin umarnin kwamfuta, da ya rubuta, sunansa rahoto. Idan ka ba shi sunayen garuruwa, sai ya fito da zurfin ruwan rijiyoyinsu. Da shi ake sanin inda masu haƙa za su fara zuwa. Nan ya nuna mini bambancin kalmomin da ke bin umarni. Masu ɗan layi a gaba su ne options: -b na nufin a buga a takarda, -s na nufin shekara, kuma dole lambar shekarar ta biyo ta. Sauran kalmomin da ba su da layi su ne garuruwan.

Na daɗe ina rikita su. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Sai ya ce in sake, ya koma shan furarsa.

Wata rana gab da damina, injiniyan proje yana sauri, ya zauna ya buga umarnin da kansa. Ya sa -s, ya manta shekarar, ya ci gaba da jera garuruwa. Script ɗin ya haɗiye sunan gari na farko a matsayin shekara. Da bai gane shi ba, sai ya ɗauki shekarar da muke ciki ba tare da ya ce komai ba. Takarda ta fito tsaf. Aka ba shugaban masu haƙa, kamiyo, babbar motarsu, ta kama hanyar Buza.

Garin da ya ɓace daga takardar wani ƙauye ne bayan dutse, wajen Babankatami, wanda rijiyarsa ta ƙafe. Matansa a ƙori, busasshen rafi, suke tonon ruwa. Idan ruwan sama ya sauka, mota ba ta iya shiga wurin sai bayan kaka.

Mushe ya dawo daga sallar azahar, ya duba kwafin da na ajiye masa. Na ga fuskarsa ta canza. Ya tambaye ni ina ƙauyen nan, na ce ban sani ba. Ya koma kan allo, ya ga abin da aka buga, ya gane.

Ko hula bai ɗauka ba. Ya hau moto ya bi kamiyo.

Ni kuwa na yini ina leƙen ƙofa. Injiniya sai kai da kawo yake yi, yana cewa shi ya jawo. Da la'asar sakaliya Mushe ya shigo, gwiwar wandonsa a yage saboda ya faɗi a kan duwatsu, amma ya cim musu kafin su rabu da babbar hanya. Da ƙauyen aka fara haƙa.

Injiniya ya shiga ba shi haƙuri, Mushe ya tare shi. "Ba kai ba ne. Mutum na mantuwa. Ni na rubuta abin da ke haɗiye gari ya yi shiru."

Washegari ya zaunar da ni muka sake rubuta shi tare, ni ke bugawa. Ya nuna mini getopts, wani umarni da ya zo da sabon tsarin da aka turo mana, yana tsince options ɗaya bayan ɗaya. Bayansa sai shift, a ture su gefe, garuruwa kaɗai su rage. Ya ja mini kunne cewa getopts ma zai karɓi duk kalmar da ta biyo -s, don haka mu ne za mu duba. Idan ba lamba ba ce, script ya tsaya cak, ya faɗi abin da ya rasa. Ya bar ni na rubuta saƙon kuskuren da Hausa. Shi ne layi na farko da na ƙirƙira da kaina.

Ba kwamfuta kaɗai ba. Ranar da ɗana ya yi zazzaɓi mai zafi, shi ya ɗauke mu a moto zuwa likita, ya zauna a waje har aka sallame mu. Matarsa, Allah ya ji ƙanta, kullum sai ta aiko mini da tuwo saboda ni baƙuwa ce.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a tashar Madawa ce. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ya kawo albasa kasuwa. Da murya ya gane ni. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce in tashi, malama ba ta durƙuso a tasha. Ya tambaye ni ko cikin ɗalibaina akwai mata, na ce suna da yawa. Sai ya ce, "To Rabi, ki riƙa jawo musu kujera."

Direba ya yi oda, na shiga mota. Shi ke nan.

Yanzu jakata na bakin ƙofa, ina jiran a samo mini motar Tawa. Na san kafin in isa an riga an kai shi makwancinsa.

Allah ka gafarta wa Mushe Iliyasu, ka haskaka kabarinsa, ka shayar da shi kamar yadda ya yi gudu don wasu su sha. Ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa Fatiha. Ɗalibaina musamman, malamin malamarku ne.