Taya Mai Rawani

A gidanmu taya iri biyu ce: mai rawani, da mai yawo kai babu hula. Mai rawani ita ce ta motocin da, wadda farin zobe mai faɗi ya zagaye gefenta. Sauran tayoyin duniya kaf, baƙaƙen nan da kowa ke hawa, su ne marasa hula. Babanmu ne ya raɗa sunan, kuma sai da na girma na gane iyakar sunan ƙofar gidanmu. Na taɓa faɗa wa wata ɗaliba 'yar Kano kalmar, ta dube ni kamar na sha wani abu.

Baba ya yi tasi a Makka tun kafin a haife mu, da wata ƙatuwar mota ƙirar Amurka mai faɗin gado. Daga Hindawiyya zuwa Misfala babu lungun da ba ta goga kafaɗa da shi ba. Da idonsa ya yi rauni, yayana ya karɓe makulli da lallami, motar ta yi ritaya a ƙofar gida. Shi Baba bai yi ba. Gidanmu bene ne, ba mu da zaure, don haka motar ta zama zaurensa. Bayan la'asar zai sauko da butar shayi, ya hakimce a kujerar direba, ya buɗe ƙofofi. Tsofaffin abokansa su cika baya, a yi ta musu a kan abin da babu wanda ya gani. Mota ba ta motsi, amma Baba hannunsa na kan sitiyari har a kira magariba.

Kowace Juma'a da safe kuma akwai wankan rawani. Zai durƙusa da bokiti da sabulu da tsohon buroshin haƙori, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ni dai ban taɓa ganin ya yi wa haƙoransa irin wannan hidima ba. Inna takan leƙo ta taga ta ce, "Malam, idan ka gama ga tukwanena nan."

Zafin ranar Makka bai san girman rawani ba. Tayoyin suka tsattsage kamar faso, iska ta fice, mota ta durƙusa. Ba a daɗe ba muka wayi gari da takarda manne a gilashi: motar da aka yasar a titi, ko a tashe ta ko a ja ta zuwa tashlih, wato inda ake feɗe matattun motoci a sayar da kayan ciki. Na ji tsoro ƙwarai, ba don motar ba. Na san idan aka ja ta, Baba zai koma ɗaki ya zauna, kuma abokansa ba masu iya hawan bene ba ne.

Yaya ya zaga wuraren masu banshar, masu gyaran taya, har unguwar Shisha, yana neman taya mai rawani. Wani ya ce rabonsa da irinta tun yana yaro, wani ya tambaye shi ko fim za a yi. Ya dawo da baƙaƙe sababbi fil.

Baba ya shafa ɗaya ya janye hannu. "Motata ba ta fita kai babu hula."

"Ya Baba, kafar ai kafar ce, taya duk taya ce," in ji Yaya, wanda Hausarsa takan gudu ta bar shi da Larabci idan ransa ya ɓaci. "Wallahi za su ja ta. Kalas."

"Su ja ta da mutuncinta."

Shawarar fenti tawa ce, kuma har gobe ba na jin kunyarta. Akwai ragowar farin fenti da aka shafa wa kicin. Na ce da Yaya, tunda idon Baba bai cika rarrabe abu ba, mu naɗa wa baƙaƙen rawani da kanmu. Ranar da aka kai shi asibitin ido muka sa aka ɗaura tayoyin, muka kifa murfin tukunyar Inna a jiki don zoben ya fita daidai, muka shafa. Da ya dawo Yaya ya ce masa an dace, an samo a wurin wani tsoho a Jidda. Baba ya tsaya nesa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Madalla." Muka yi ta taka ƙafar juna.

Abin da ba mu tuna ba, mu masu wayo, shi ne Juma'a na zuwa, kuma fentin kicin da sabulu ba sa ga maciji.

Ina taga ni da Inna ya durƙusa da buroshinsa. Gugar farko, ruwa ya gangara titi fari fat kamar an zubar da nono. Maƙwabcinmu mai shago ya fito ya tsaya. Yaya ya sauka da sanɗa, ni ina bayansa, kowa na so ɗan'uwansa ya riga shi isa. Baba bai ɗago ba. Ya wanke ta farko tas har ta koma baƙa, ya matsa ga ta biyu.

"Baba," na ce, "ni ce na…"

"Na sani. Tun ranar na ji warin kicin ɗin uwarku a jikin motata." Ya tsoma buroshi a ruwa. "Ido ne ya tafi, hanci yana nan. Wa ya koya muku shafa fentin ruwa a roba? Na mai ake sa wa."

Sai ga Inna daga sama: "A dawo mini da murfina."

Muka yi dariya har da shi. Amma rawani kaɗai ba ya cire takarda daga gilashi, dole a ga motar ta tashi ta yi tafiya. Washegari makanike ya zo ya yi ta fama da ita, ta yi tari, ta yi atishawa, ta kama. Baba ya nufi ƙofar direba kamar kullum, ya riƙe hannun ƙofar, ya tsaya. Can ya saki, ya zagaya ya buɗe baya ya shiga, ya ce da Yaya, "Direba, Misfala. Kada ka bi ta ramin ƙarƙashin dutse."

Na zauna kusa da shi. Muka fita da tayoyi masu dabbare-dabbare, rabi fari rabi baƙi, yaran unguwa suna nuna mu. Ya yi ta kiran sunayen lunguna kafin mu kai, da dama an rushe su an yi otal, Yaya bai gyara masa ko ɗaya ba. Ni kuwa kuka ne ya zo mini, na juya ga taga.

Da muka dawo Hindawiyya abokansa suna tsaye a inda motar take zama, sun rasa wurin sa kansu. Baba ya shafa kujerar da yake kai ya ce, "Ashe haka bayan nan yake da daɗi. Duk tsawon shekarun nan ina ba mutane, ban taɓa zama ba." Ya leƙa ya ce musu su shigo a matsu. Bai koma gaba ba, ranar nan ko bayanta.